Yadda ake goge fatar birkin mota mai gudu a mayar, da yadda ake gane wadda ba ta gyaruwa

Bara da damina wani abokina ya kira ni daga Akwanga, murya na rawa. Daga Jos ya taso a motarsa, wata ƙirar Jamus mai silinda shida, ya gangaro Hawan Kibo a bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Kafin ya kai gindin dutsen ƙauri ya cika motar. Ya taka birki ya ji fedar da tauri kamar kullum, amma mota ba ta kamawa sai ya danna da ƙarfinsa duka. Allah ya tsare. Ya faka a gefe ta huce, ya lallaɓa ya ƙaraso Abuja. Tun daga ranar birkin ya canza hali: ƙara kamar ana jan ƙusa a kan kwano, kamun da yake yi a da kuma ya tafi.

Abin da ya fi ci masa rai, fatar birkin sabuwa ce, irin ta motocin gudu, daga waje aka kawo masa da tsada, ko wata uku ba ta yi a jikin motar ba. Da muka kwance a gareji ya ɗauki guda yana jujjuyawa, ya ce wa bakaniken, "Oga, wannan fa ko kwata ba ta ci ba. Yanzu zubarwa za a yi?" Bakaniken ya ce, "Haba Yallaɓai, a ɗan goga ta a siminti kawai, ta dawo sabuwa." Ba mu zubar ba, ba mu kuma goga a siminti ba.

Ana goge fatar birki a mayar, wannan gaskiya ne, masu tseren mota ma suna yi. Sai dai guga fuska kaɗai take gyarawa. Abin da samfefa za ta cire bai wuce rabin milimita ba, don haka duk lalacewar da ta nutsa ƙasa da nan tana nan daram bayan ka gama, ka dai yi mata kwalliya ne. Shi ya sa gugar kanta minti biyar ce, dubawar da ake yi kafin ta ita ce aikin.

Abin da ke cikin fatar

Fatar birki, wadda makanikai ke ce wa fad, kashi biyu ce: ƙarfen baya, da baƙin abin da aka manna a kansa wanda ke gugar faifai, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Baƙin abin nan haɗi ne na garin ƙarfe, zaruruwa, girafayit da wasu ƙwayoyi masu kaushi, an kwaɓa su da wani irin ƙaro, an matse da zafi a masana'anta har suka zama dunƙule ɗaya. Riƙe abu biyu game da shi. Na ɗaya, yana da ƙananan ƙofofi kamar jikin randa, duk ruwan da ya zauna a kansa sai ya tsotse. Na biyu, ƙaron nan da ya haɗa komai yana da iyakar zafin da yake jurewa.

Zafin kuwa ba na wasa ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,700 da ke gudun kilomita 120 a awa, idan ka tsayar da ita cak, zafin da birki zai kwasa a cikin 'yan daƙiƙun nan ya isa ya tafasa ruwa lita uku, kuma ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawansa. In ka ninka gudun, zafin ninki huɗu yake yi. Fatar motocin gudu, irin su Ferodo DS2500, EBC Yellowstuff, Hawk HP Plus, ko wadda ke zuwa da birkin kamfanin Brembo, an yi ta ne don ta ci gaba da kamu a zafin da fata ta gama-gari ta riga ta sare. Amma abin da take so shi ne a taka da ƙarfi a saki. Jan birki a hankali na tsawon mintuna, irin wanda abokina ya yi a gangara, shi ne ke narkar da ƙaron saman ya malale ya daskare, fuskar ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar an shafa mata fenti. Wannan ƙyallin shi ne ciwon da samfefa ke warkarwa.

Kafin ka kwance komai ma, ka tabbata ciwo ne. Fata mai ƙarfe da yawa tana ƙara da sanyin safiya, tana baƙanta wili da ƙura, ta tsere zalla kuma ba ta kamawa sosai sai ta ɗau zafi. Wannan halinta ne. Na ga wanda ya goge lafiyayyar fata har sau biyu don kawai tana kuka a fitilar hanya. Haka nan ka rarrabe: feda da tauri amma ba kamu, laifin fata ne, feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa ko iska ta shiga, guga ba ta da abin yi a nan.

Kayan aiki

Jak da ƙafar tsayawa ta ƙarfe, sifanoni, ma'aunin kauri da ake kira baniya, samfefa lamba 80 da lamba 120, gilashi mai kauri ko tayil sabo wanda ka tabbata a miƙe yake, magagari, burushin waya, fensir ko alli, feshin wanke birki, giris na musamman na birki, fitila, tsumma mai tsabta, takunkumi da tabarau. In feshin bai samu ba, sifirit yana yi. Fetur, kananzir, gas da WD-40 kuwa kada su kusanci fata ko faifai, dukansu suna barin maiƙo.

Takunkumin ba ado ba ne. Tarayyar Turai ta haramta asbesto gaba ɗaya tun 2005, kuma manyan kamfanoni sun daina sa shi a fatar birki, amma fatar da ba a san asalinta ba, ba ka da tabbacin abin da ke cikinta. Ko ba asbesto, ƙurar birki ba abin shaƙa ba ce. Kada ka hura ta da baki, kada ka busa da iskar kwamfireso. A fesa a goge da tsumma.

Mataki na farko: kwancewa

Bari mota ta huce sarai. Faka a wuri mai daidai, sa dutse ko katako a ƙafar da ba za a ɗaga ba, sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga ka ɗora a ƙafar tsayawa. Jak kaɗai ba a ba shi amana.

Kalifa, wato kan da ke rungume da faifai yana matse fata, iri biyu ce. Mai zamewa tana da fistin, wato abin da man birki ke turawa ya danna fata, a gefe ɗaya, ana kwance notocinta biyu na baya a ɗaga ta. In ka ɗaga, rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki. Kafaffiya kuwa, irin ta Brembo mai fistin huɗu ko shida, yawanci ba sai ka cire ta ba: ka fitar da fil biyu da ƙarfen da ke danne fatar, ka zaro su ta sama. Idan motar tana da wayar gargaɗin cin fata, kamar BMW da Mercedes, zare ta a hankali da filaya, robar kanta saurin karyewa gare ta. In ƙafar baya za ka taɓa kuma birkin hannun na lantarki ne, sai an sa shi a yanayin gyara da kwamfuta tukuna, in ba haka ba ka lalata ɗan injin lantarkin da ke tura fistin.

Kana zaro kowace fata ka rubuta a bayanta: hagu ciki, hagu waje, dama ciki, dama waje. Kowace inda ta fito za ta koma. Wasu ma suna da kibiya da ke nuna inda taya ke juyawa. Kuma ƙafa biyu ake yi tare, guda huɗun gaba ko guda huɗun baya. Wanda ya goge hagu ya bar dama, ranar da ya taka birki da ƙarfi motar za ta fizge shi gefe guda.

Mataki na biyu: dubawa

Fesa, goge, ka fito da su hasken rana. Kada ka yi gaggawa a nan.

Fara da kauri. Auna baƙin abin kaɗai, ban da ƙarfen baya, a kusurwa huɗu. Sabuwar fatar gaba takan zo da milimita 10 zuwa 12. Ƙa'idar da aka saba ita ce a canza a milimita 3, a Birtaniya ma in ta gaza 1.5 mota ba ta cin gwajin shekara. To amma wannan lissafin mai tafiya kasuwa ne. Kaurin fata shi ne katangar da ke hana zafi isa ga fistin da man birki, tana sirancewa zafin na ƙetarewa. Ni dai a motar gudu, in abin da zai rage bayan guga bai kai milimita 5 ba, ba na ɓata samfefata. Wahalar ta fi ribar.

Sai maiƙo. In man birki ya zubo daga fistin, ko giris ya fantsamo daga robar shaf da ta yage, ko wani ya fesa man ƙyalli a taya ya kai ga faifai, za ka ga fatar ta yi duhu a wani wuri, in ka shafa yatsa ka ji danshi, wani lokaci har da wari. Wannan ta tafi. Ka tuna randa: man ya riga ya shige ciki. Za ka goge ka ga fuska ta yi fes, ka ɗaura, ta ɗau zafi, man ya sake tsatsowa sama daidai lokacin da kake bukatar birki. Dabarar da ake yi a wasu garejoji ta jiƙa fata a fetur a cinna mata wuta ta fi komai muni, don wutar da ta ƙona man ita ce ta ƙona ƙaron da ya riƙe fatar da gam ɗin da ya manna ta a ƙarfe.

Sai mahaɗar fata da ƙarfe, wurin da mutane suka fi tsallakewa. Bi layin da suka haɗu da fitila, zagaye ɗaya cif. Sa bakin ƙaramin sukundireba a layin ka ɗan taɓa, ba da ƙarfi ba. In ka ga rata ko da ta shigar farce ce, ko tsatsa ta kumbura a tsakani tana ɗaga gefen, jefar. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka sun fi wannan ciwon, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ta ƙarƙashi. Fatar da ta fara rabuwa da ƙarfenta, rana ɗaya take ɓallewa gaba ɗaya, feda ta tafi ƙasa, ƙarfe ya hau ƙarfe. Ka kuma ƙwanƙwasa bayan da sifana: lafiyayya tana amsawa da ƙara a dunƙule, wadda ta saki tana yin ɓas kamar fasasshiyar ƙwarya. Gwajin kunne taimako ne kawai, ido ne alƙali.

Sai tsagewa. Siraran layuka a fuska kamar na busasshiyar laka, waɗanda farce ba ya shiga, ana ganinsu a fatar da ta sha zafi, kuma sukan ɓace da guga. Tsagar da ta ratsa daga gefe zuwa gefe, ko ta gangara har ƙarfe, ko wani yanki ya ɓantare daga fuska, babu gyara. Ɗan ɓarewar baki kamar ƙwayar shinkafa a kusurwa, magagari zai daidaita shi.

Sai ƙonewa, wadda ta bambanta da ƙyalli ko da yake zafi ne ya haifi duka biyun. Mai ƙyalli tana nan da taurinta, fuskar ce kawai ta yi sulɓi. Ƙonanniya takan yi fari-fari ko toka-toka a gefuna, fentin bayanta ya babbake, in ka karce gefen da sukundireba sai ta riƙa zubowa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ƙaron ya mutu har ciki. Kifa ƙarfen bayan a kan gilashi ma ka gani: in yana rawa, zafi ya lanƙwasa shi, ita ma ta tafi.

Na ƙarshe, cin gefe ɗaya. In ma'auninka ya nuna kai ɗaya ya fi ɗaya kauri, ko ta ciki ta cinye ta waje na nan, fatar ba ta da laifi, kalifa ce ke da magana: fil ɗin zamewa ya kafe, ko fistin ya maƙale, ko tsatsa ta riƙe kunnen fata. Bambancin da bai wuce rabin milimita ba ana iya daidaita shi a gilashi. Wanda ya wuce haka, kafin ka miƙar da ita ka cinye rabin abin da ka biya kuɗi dominsa, kuma da hannu da wuya ta fito daidai.

Abin da ya rage ke nan, ƙyalli, 'yan layukan da tsohon faifai ko tsakuwa ta zana, ƙura da tsatsar sama ta motar da ta daɗe a ajiye, su ne na guga. Haka kuma in za ka ɗora tsohuwar fata mai kauri a sabon faifai, gugar tana da amfani, don ta share zanen tsohon. In guda ɗaya cikin huɗun ta faɗi jarrabawa, duka huɗun ake canzawa. Na san da ciwo. A motar abokina na gaba duka sun tsallake, ƙyalli ne kawai, milimita 9 da ɗoriya. Da muka leƙa na baya, waɗanda ba su ne suka kawo mu ba, sai ga tsatsa ta ɗaga gefen ta ciki a dama har sukundireba na shiga. Su muka saya sababbi.

Mataki na uku: gugar

Shimfiɗa samfefa lamba 80 a kan gilashi, kaushin yana sama, ka manne gefunanta da salatif. Samfefar ce ke zaune, fatar ce ke yawo. In ka riƙe samfefa a hannu kana gugar fata, yatsunka za su yi mata kwari da tudu. Simintin da Oga ya ce kuwa ba a miƙe yake ba, ga yashi, ga baƙin man da ya sha shekara da shekaru. Injin gurza na hannu shi ma a bar shi, cikin ƙiftawar ido yake cin milimita guda a gefe ɗaya.

Ɗauki fensir ka zana layuka a fuskar fatar, tsaye da kwance, kamar gidan dara. Kifa ta a samfefa, ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙarfen, ka riƙa zagayawa kamar kana rubuta lamba 8. Nauyin hannu ya isa, ba sai ka hau kai ba. Bayan zagaye goma ɗaga ka duba. Inda fensir ya goge, nan ne tudu; inda ya rage, nan ne kwari. Juya fatar kai ya koma ƙafa, ka ci gaba, don hannun mutum kullum yana danna gefe ɗaya fiye da ɗaya bai sani ba. Da farko za ka ji tana sulɓewa kamar a kan sabulu, can sai ka ji ta fara kamawa, baƙar ƙura ta fara taruwa. Ka tsaya da zarar layukan fensir sun ɓace duka kuma fuskar ta zama launi ɗaya, dusashe, babu tabon ƙyalli ko ɗaya. Kada ka bi zurfafan layuka sai ka shafe su, ɗaya ko biyu da suka rage ba sa hana komai. Ƙarasa da zagaye biyar ko shida a lamba 120. Kada ka wuce zuwa mai laushi, ba sulɓi ake nema ba.

Sake aunawa a kusurwa huɗu, sannan ka gwada guda huɗun da juna, kaurinsu ya zo kusa. In fatar ta zo da dasasshen baki daga masana'anta kuma ya cinye, mayar mata da shi kaɗan da magagari a kai da ƙafa, yana rage ƙara. Tsagar tsakiya, in tana da ita, kwashe ƙurar da ta cushe ciki. Goge kunnuwan ƙarfen da burushin waya. Fesa, bar ta ta bushe da kanta, daga nan kuma a gefe ake riƙe ta, yatsa mai maiƙo kada ya sake hawa fuskar.

Mataki na huɗu: faifai

Wanda ya goge fata ya mayar a faifan da bai taɓa ba, rabin aiki ya yi. Birki ba fata da tsiraran ƙarfe ba ne. Fatar tana shafa wani siririn rufi na jikinta a kan faifai, shi take kamawa. In rufin nan ya zauna tudu da kwari, sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki, sai a ce faifai ya lanƙwashe, alhali sau da yawa tabon fata ne kawai. Wani lokaci har za ka ga hoton fatar a jikin faifan, inda direba ya tsaya da ƙafa a kan birki yana da zafi.

A gefen faifai ko a cibiyarsa akwai rubutu MIN TH da lamba, shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda. Auna a tsakiyar inda fata ke bi, ba a bakin da ya yi tudu ba. In ya kai lambar, ko yana da tsagar da ta isa baki, ko tsaga ta haɗa huda biyu a faifai mai huji, sai sabo. In lafiya yake, bi fuska biyun da samfefa lamba 120 a naɗe a katako, kana zagayawa, har tsohon rufin ya dusashe, sannan ka wanke da feshi sai farin tsumma ya fito fari. Mai zurfin layuka ko tabo shuɗi mai tauri sai injin sassaƙa, shi ma in kaurin zai ba da dama.

Gargaɗi ɗaya: faifan kabon-siramik ba a kai masa samfefa ko injin sassaƙa. A Porsche kalifarsa ruwan ɗorawa ce, a BMW ruwan zinare. Fatarsa ta daban ce, kuma kuɗin faifai ɗaya ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Irin wannan a ba shi sabuwar fata kawai.

Mataki na biyar: kalifa da mayarwa

Zaro fil-fil ɗin zamewa, goge, shafa musu giris na silikon. Giris na gama-gari yana kumbura roba, wata biyu fil ɗin ya kafe. Duba robar fistin ko ta yage ko tana tsatsar mai. Goge mazaunin kunnuwan fata har fatar ta riƙa zamewa da hannu ba sai an buga ba. Giris ɗin birki kaɗan a kunnuwa, ɗan mitsitsi, nesa da fuska. Ƙarfen da ke manne a bayan fata don hana ƙara a mayar da shi, ba shara ba ne.

In ka tura fistin baya, leƙa robar man birki kada ya yi ambaliya, yana cin fenti. Tunda birkin ya sha zafi, duba man ma. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, amma yana shan danshin iska, wanda ya tsufa yana iya saukowa wajen 155. In ya shekara biyu ko ya yi duhu, canza. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada kamannin lambar ya ruɗe ka.

Mayar da kowace fata gurbinta, ɗaure notoci da sifanar awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Kafin ka sa giya, taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Mutane sun sha shiga bangon gareji saboda mantuwar wannan.

Mataki na shida: zaunar da fatar

Fatar da aka goge kamar sabuwa take, ba ta san faifan ba, sai an sake shafa rufin nan. In takardar kamfanin tana hannunka, bi abin da ta ce. In babu, ga yadda aka saba. Nemi babbar hanya miƙaƙƙiya da sassafe, babu kasuwa, babu makaranta, babu mashigar shanu, ido a madubi. Ɗumama da taka birki sau huɗu a hankali daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 20. Sannan daga 100, wanda shi ne iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu a Nijeriya, taka da ƙarfi zuwa wajen 15, ba har ABS, na'urar da ke hana taya kafewa, ya fara karkarwa ba, ka saki nan take ka sake hawa. Sau takwas zuwa goma a jere, kuma ko sau ɗaya kada ka tsaya cak. Wajen na shida za ka ji ɗan ƙauri, ba komai. In ka ji kamu ya fara raguwa sosai, ya isa. Sai ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba in hanya ta bari, iska ta hura shi. Da ka faka, kada ka zauna da ƙafa a feda, kada ka ja birkin hannu in ƙafar baya ka yi wa aiki. Faifan da ya zauna daidai za ka gan shi da launin toka mai ɗan shuɗi, bai ɗaya daga ciki har baki.

Maganar fatar Belgium da ta liƙi

A Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo za a iya miƙo maka fatar Belgium mai kauri a ce ta asali ce, an ciro daga mota. Tana iya zama haka. Yi mata jarrabawar mataki na biyu gaba ɗaya, ka ƙara da shakka in ka ga an riga an goge fuskar, don ba ka san abin da gugar ta rufe ba. Duba gefe ko baya: haruffa biyu kamar FF ko GG suna nuna ƙarfin kamu, na farko a matsakaicin zafi, na biyu in ta yi zafi sosai, kuma G ya fi F. Alamar 90R tana nufin ta cika ƙa'idar Turai ta kayan canji. Fatar tsere zalla sau da yawa ba ta da ko ɗaya, don ba ta titi ba ce. Rubutu dai ana bugawa a jabu ma.

Liƙa sabuwar fata a tsohon ƙarfe da gam ɗin kanti kuwa, kada ma a fara. Gam mai tiyub biyu na gama-gari yana yin laushi tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba, birki kuwa ɗaruruwan digiri yake kaiwa. Kada a kawo misalin manyan motoci da ake sa wa takalmin birki sabuwar fata da ribit. Wannan tsarin birkin ganga ne, ba na faifai ba, da ma haka aka ƙera shi.

Bayan tafiyar kilomita 300 zuwa 500, cire taya ka sake leƙawa da fitila. Na abokina mun tarar da fuska dusashe, cin ya tafi daidai, ƙarar ta ragu zuwa ɗan kukan safiya da ma da shi ta zo. In naka ƙyallin ya dawo a wannan ɗan lokacin, guga ta biyu ba za ta yi magani ba: ko kalifa tana riƙe fata a jikin faifai, ko ƙonewar ta fi yadda ka zata zurfi, ko kuma ƙafar direba ce. A gangara mai tsawo a sauko da giya zuwa ta uku ko ta biyu, ko da otomatik ce, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi na 'yan daƙiƙu a saki ya sha iska.